Gwangwanin Baba Barau

Ranar sadakar bakwai, a Makera,
na jawo gwangwanin madara daga ƙarƙashin gadonsa.
Na girgiza, ya amsa.
Sulalla uku, kwabo mai huda, anini guda,
da ɗan littafin lissafi da gara ta ci gefensa.

Shafin farko, da ajami, tawada ta koɗe:
"Yau an karɓe fam, an ba mu naira.
Fam ɗaya, naira biyu.
Kande ta ƙi murna.
Ta ce duk wanda ya ba ka biyu a kan ɗaya,
akwai abin da ya hango."

Zamanin nan jiniyar masaƙar Kakuri
ita ke raba wa unguwa lokaci.
Kekuna su cika titi kamar fara,
Baba ya dawo da auduga a gira,
da ƙarar inji a kunne, sai an ɗaga masa murya.
Ya rubuta: "Naira ta sayi dala, har da rara."
Ya ja layi biyu a ƙarƙashi,
sannan ya buɗe sabon shafi:
Kujerar Makka.
Biyar, biyar, goma. Wata shekara ya sa: "Saura ƙiris."

A shekarar aka haife ni.
Ga ragon suna nan, an cire shi daga jimla.
Ga kwanon rufi da iska ta yaye a farkon damina.
Ga asibiti, da ƙaninsa Iliya da bai tashi ba.
Bai yi ƙorafi ba ko a gefen shafi.
"Baɗi," ya ce, "in da rai."

Baɗin ta zo, ta iske an kai naira kasuwa,
ana tayawa kamar akuya ranar laraba.
Dala ɗaya, naira huɗu.
Na juya: ashirin da biyu.
Na juya: ɗari da 'yan kai.
Yana tafe, Makka na ja da baya,
kamar mai bin inuwarsa da la'asar.
Kwabo ya mutu, ba wanda ya je jana'iza.
Takardu suka ƙara sifili, suka sake riga,
masaƙa ta yi shiru, ciyawa ta fito a bakin ƙofa.

Daga nan rubutun ya rame.
Ba "in da rai", ba layi biyu.
Kwanan wata, lamba. Kwanan wata, lamba.
Na ƙarshe ya karkace, kamar hannun ya gaji a hanya.

Jiya na haye gada, na je wajen 'yan canji
da ke zaune a inuwa kusa da Hamdala.
Na tambayi wani yaro, Sadisu, nawa dala.
Sai da ya duba waya,
don farashin hantsi ba ya kai azahar.
Ya faɗa. Na yi shiru.
Ya ga kwabon a tafina, ya leƙa ni ta hudar,
ya ce, "Hajiya, sayar min, in rataya wa makulli."
Hajiya.
Sunan da Baba ya yi shekara talatin
yana tara wa irinsa kuɗi,
ga shi an ba ni kyauta a bakin titi.

Ban sayar ba.
Kwandastan bas ya karɓi kuɗin mota zuwa Makera,
abin da Baba ke ɗauka a wata biyar.
Kogin Kaduna ya cika, ja wur, yana wucewa.
Na ɗora littafin a gwiwa,
na ari biro wurin wata ɗaliba,
na sa kwanan wata, na sa lambar Sadisu
a ƙarƙashin tasa.
Sifilin ƙarshe bai samu wuri ba,
ya faɗa inda gara ta ci.